Taswirar Ƙuri'ar Ohio ta 2011: Me Ya Sa Gundumomi 82 Suka Ƙi Dokar Ƙwadago, Shida Suka Karɓa?

Baban Yusra:
Assalamu alaikum jama'a. Tun makon jiya da muka taɓo batun 'yancin ma'aikata na zama teburin ciniki da gwamnati a ƙungiyance, na yi alkawarin kawo abin da ya faru a jihar Ohio ta Amurka, inda nake zaune, domin a nan an taɓa miƙa wannan tambaya ga masu zaɓe kai tsaye, kuma yadda amsar ta rarrabu a kan taswira abu ne da ya cancanci a tsaya a duba shi.

A watan Maris na 2011 majalisar dokokin jihar ta zartar da wani ƙuduri da aka fi sani da SB 5, Gwamna John Kasich na jam'iyyar Republican ya sa masa hannu a ranar 31 ga watan. Dokar ta shafi ma'aikatan gwamnati kimanin 350,000, malaman makaranta da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da gandirobobi da sauransu. Ta haramta masu yajin aiki, ta cire inshorar lafiya daga cikin abubuwan da ƙungiya za ta iya ciniki a kansu, ta wajabta wa ma'aikaci biyan aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin inshorarsa, sannan ta soke tsarin mai raba gardama wanda 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ke dogara da shi idan ciniki ya cije. Tun 1912 tsarin mulkin jihar ya bai wa jama'a damar dakatar da sabuwar doka su kai ta gaban akwatin zaɓe, idan sun tara sa hannun da ake buƙata. Ana neman sa hannu 231,149, sai masu adawa suka kawo kusan miliyan 1.3. A ranar 8 ga Nuwamba aka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 61 suka ce a soke dokar, kashi 39 suka ce a bar ta.

Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: jihar tana da gundumomi 88, kuma shekara guda kafin nan Kasich ya ci mafi yawansu. Amma a wannan ƙuri'a gundumomi 82 suka juya wa dokarsa baya, shida kaɗai suka tsaya mata, wato Delaware da Warren da Miami da Shelby da Mercer da Holmes. Me ya raba waɗannan shida da sauran?

Alhaji Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a shiga sharhi ina son a fayyace min abu guda, domin ni ɗan kasuwa ne, kuma na saba fara tambayar wanda zai biya. Ba haka kawai gwamna zai tashi ya taɓo ma'aikata dubu ɗari uku da hamsin ba, ruwa ba ya tsami banza. Wace hujja shi da mutanensa suka bayar?

Baban Yusra:
Tambayarka a kan hanya take, Alhaji. A lokacin jihar na fuskantar giɓin kasafin kuɗi na kusan dala biliyan 8 bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008. Gwamnati ta yi shirin zaftare kuɗin da take turawa ƙananan hukumomi, sai ta ce za ta ba su wannan doka a matsayin abin da za su rage kashe kuɗi da shi, tun da albashi da alawus ne ke cinye mafi yawan kasafin kowace hukumar makarantu da kowane gari. Sun kuma ce ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana biyan kaso mafi girma na inshorarsa, don haka ba adalci ba ne harajinsa ya riƙa ɗaukar nauyin wanda ya fi shi samun sauƙi. Wannan magana ta samu kunnuwan jama'a, kuma ba na tsammanin wani mai gaskiya zai ce babu ƙamshin hujja a cikinta.

Maman Sadiq:
Na yi shekaru ina koyarwa, na kuma taɓa riƙe muƙami a reshen ƙungiyarmu, saboda haka ba zan ɓoye ɓangaren da zuciyata take ba. Duk da haka zan yi ƙoƙarin tsayawa a kan taswirar da Malam ya kawo.

A ganina, duk wanda yake son fahimtar gundumomi 82 ɗin nan sai ya fara da kudu maso gabashin jihar, yankin tsaunukan Appalachia, inda ake haƙar kwal tun ƙarni na 19. A garin Columbus aka kafa ƙungiyar ma'aikatan ma'adinai ta Amurka a 1890, kuma a garin ne aka kafa tarayyar ƙwadago ta AFL a 1886. Mutanen wannan yanki masu riƙon addini ne da al'ada, da yawansu ba sa ga-maciji da jam'iyyar Democrat a kan batun bindiga da zubar da ciki, amma kakanninsu sun san bambancin shiga ramin kwal da ƙungiya da shigarsa ba tare da ita ba. Bayan ramukan sun rufe, masana'antu sun kwashe kayansu, aikin da ya saura mai albashi tabbatacce da fansho shi ne na makaranta da asibiti da gidan yari da ofishin gunduma. A ƙaramin gari irin wannan, malamar firamare matar makwabcinka ce, mataimakin shugaban 'yan sandan gunduma ɗan ƙanwarka ne, kuma albashinsu ne ke zagayawa a shagon mai kayan masarufi da garejin bakanike. Idan aka ce za a taɓa su, mai shago ma ya san an taɓa shi.

Ku dubi garin Lucasville a gundumar Scioto, inda babban gidan yarin jihar mai tsananin tsaro yake. A 1993 fursunoni sun yi bore na kwana 11 a can, aka kashe gandiroba ɗaya da fursunoni tara. Ga mutanen da suka rayu cikin wannan tashin hankali, maganar yawan ma'aikatan da za a ajiye a bakin aiki magana ce ta rai da mutuwa, kuma dokar ta so ta mayar da ita hannun shugabanni su kaɗai. Ban ga yadda za a shawo kan iyalin gandiroba su amince da haka ba, ko da wace jam'iyya suke bi.

Ɗalibin Siyasa:
Hajiya, ki gafarce ni, ina ganin bayaninki ya yi wa kudu maso gabas adalci, haka ma arewa maso gabas, wajen Youngstown, inda kamfanin ƙarafa ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 5,000 a rana guda a watan Satumba na 1977. Sai dai tarihin ƙungiya kaɗai ba zai bayyana mana gundumomi 82 ba, domin a cikinsu akwai na manoman masara da waken suya a yammaci da tsakiyar jihar, waɗanda ba su da wani tarihin haƙar kwal ko narka ƙarfe, kuma sun daɗe suna zaɓen Republican. Akwai ma Butler, gundumar John Boehner, wanda a lokacin shi ne kakakin majalisar wakilan Amurka.

Ni abin da nake ɗora wa alhaki shi ne shigar da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana cikin dokar. A wannan shekarar Gwamna Scott Walker na Wisconsin ya yi irin wannan doka, amma ya tsame waɗannan rukunai biyu daga mafi yawan tanade-tanadenta, kuma da aka yi masa ƙuri'ar kiranye a watan Yuni na 2012 ya tsira da kusan kashi 53. A Ohio kuwa an haɗa kowa a tukunya ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan sanda, waɗanda mambobinsu da yawa suka zaɓi Kasich a 2010, suka koma sahun gaba wajen yaƙar dokar, kuma fuskar ɗan kwana-kwana ce ta mamaye tallace-tallacen talabijin. Tun a majalisar dattawan jihar alama ta bayyana, domin Republican na da kujeru 23 cikin 33, amma da ƙyar ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 17 da 16, bayan shida daga cikinsu sun ƙi shi. Sai da aka cire Sanata Bill Seitz na Cincinnati daga kwamitin da ke duba ƙudurin kafin ya iya fitowa. Dokar da ta raba kan jam'iyyar da ta kawo ta a cikin zaure, ba abin mamaki ba ne ta raba kan magoya bayanta a ƙauye.

Maman Sadiq:
Ƙanena, ban musanta maka ba, amma ka lura cewa maganarka da tawa sun haɗu a wuri guda. Manomin da ke gundumar karkara bai karanta shafuka ɗaruruwa na dokar ba. Abin da ya sani shi ne wanda zai zo idan rumbunsa ya kama da wuta, da wadda ke koyar da jikarsa. Kai ka kira shi tasirin 'yan sanda, ni na kira shi kusancin ma'aikaci da jama'arsa. Kuma akwai abin da ya kamata a faɗa game da 'yan sandan: tun dokar 1983 da Gwamna Richard Celeste ya sa wa hannu, ba su da ikon yajin aiki, an ba su mai raba gardama ne a madadinsa. Sabuwar dokar ta ƙwace wannan ɗin ma, ta ce idan an kasa daidaitawa majalisar gari ko hukumar da ta ɗauke su aiki ce za ta yanke hukuncin ƙarshe. Wanda kuke jayayya da shi ya zama shi ne alƙali. Ko mutumin da bai taɓa riƙe katin ƙungiya ba zai gane cewa wannan ba ciniki ba ne.

Alhaji Baban Hanifa:
To, na ji dalilan masu rinjaye. Amma har yanzu ba wanda ya amsa tambayar da aka buɗe zaren da ita. Su waɗannan shida, ba su da malamai da 'yan kwana-kwana ne?

Baban Yusra:
Suna da su, Alhaji, sai dai nauyinsu a cikin tattalin arzikin wurin ya bambanta, kuma gundumomin shida ba iri ɗaya ba ne. Zan kasa su uku.

Delaware tana arewa da Columbus, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga inda nake, kuma ita ce ake lissafawa gunduma mafi yawan kuɗin shiga a jihar. Warren tana tsakanin Cincinnati da Dayton, ita ma ta masu hali ce, kuma daga can Sanata Shannon Jones wadda ta gabatar da ƙudurin ta fito. A irin waɗannan wurare mazauna ma'aikatan banki ne da kamfanonin inshora da manajoji da masu sana'ar kansu. A Ohio kuwa babban kaso na kuɗin makarantu daga harajin gidaje yake fitowa, kuma a kai a kai ake komawa wurin masu zaɓe a nemi su amince da ƙari. Mai babban gida a Delaware yana ganin albashin malami a jikin takardar harajinsa, shi kuma mutumin Scioto yana ganinsa a cinikin shagonsa. Albashin ɗaya ne, amma inda kowa ya tsaya yake kallonsa daban ne.

Mercer da Shelby da Miami suna yammacin jihar. Mercer da Shelby yanki ne na jikokin Jamusawa mabiya ɗariƙar Katolika, manoma da masu kiwon kaji da aladu, kuma Mercer na cikin gundumomin da rashin aikin yi ya fi ƙaranci a jihar. A garin Anna na gundumar Shelby akwai babbar masana'antar injin mota ta Honda, wadda ke biyan albashi mai kyau ba tare da ƙungiyar ƙwadago ba. Mutumin da ya ga mahaifinsa ya gina gida ya aurar da 'ya'ya da aikin da babu ƙungiya a cikinsa, da wuya ka tsorata shi da cewa rushewar ƙungiya rushewar rayuwa ce.

Holmes kuma ta fita daban, domin kusan rabin mutanenta 'yan Amish ne, waɗanda ke tafiya a keken doki, suke da makarantunsu na kansu, kuma yawancinsu ba sa zuwa rumfar zaɓe. Waɗanda ke fitowa zaɓe a can na cikin masu ra'ayin riƙau mafi tsanani a jihar.

Ɗalibin Siyasa:
Wannan rabe-raben ya gamsar da ni, yaya. Zan ƙara wani abu da ya faru a takardar zaɓe ɗaya a rana ɗaya, wanda yake hana ni yarda da masu cewa Ohio ta koma hannun Democrat a wannan dare. Tambaya ta uku a takardar, gyaran tsarin mulki ce da ke ƙin tilasta wa mutum sayen inshorar lafiya, wato ƙalubale ne kai tsaye ga dokar lafiya ta Shugaba Obama. Ta wuce da kusan kashi 66, kuma ta yi nasara a dukkan gundumomi 88, har da Cuyahoga inda Cleveland take. Ke nan dubban ɗaruruwan mutane sun mari Kasich da hannun dama, sun mari Obama da na hagu, ba su ga wani saɓani a ciki ba. Abin da na fahimta shi ne, a duka biyun sun ƙi hukuma ta shigo ta sauya masu abin da suka saba da shi.

Akwai kuma batun yadda aka tsara tambayar. A Ohio wanda yake goyon bayan ma'aikata "a'a" zai dangwala, kuma mai zaɓen da yake cikin kokwanto ya fi karkata ga "a'a". Shekara guda bayan haka ƙungiyoyin ƙwadago a Michigan, jihar da ta fi Ohio kaurin suna wajen ƙarfin ƙungiya, suka nemi a rubuta 'yancin cinikin ƙungiya a cikin tsarin mulkin jihar. A nan "e" suke nema, sai suka sha kaye da kusan kashi 57 da 43, a ranar da Obama ya lashe jihar, kuma duk tambayoyi shida da ke takardar an ƙi su. Wata guda bayan nan Gwamna Rick Snyder ya sa hannu a dokar da ta hana wajabta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya, wadda ta zauna har sai da aka soke ta a 2023.

Alhaji Baban Hanifa:
Ina ganin ɗalibi ya taɓo inda nake son zuwa. Na karanta cewa ɓangaren ƙungiyoyi sun fi ɓangaren gwamna kashe kuɗi nesa ba kusa ba a wannan kamfe. Idan haka ne, anya taswirar nan ra'ayin jama'a take nunawa, ko yawan tallan da aka zuba masu? Kuma har yanzu ina riƙe da damuwata: bayan an soke dokar, giɓin kuɗin bai tafi ko'ina ba.

Maman Sadiq:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, gaskiya ne an kashe kuɗi, kuma gaskiya ne ɓangaren ma'aikata ya fi kashewa. Amma kuɗi ba ya sa hannu a takarda. Doka ta ce dole sa hannun ya fito daga aƙalla gundumomi 44, su kuwa sun tattaro daga dukkan 88, mafi yawa ta hannun mutanen da suka tsaya a ƙofar coci da filin wasan yara da kasuwar manoma suna roƙon makwabtansu. Talabijin ɗaya ake kallo a Warren da Butler, tashoshin Cincinnati ne ke kai masu duka, amma ɗaya ta karɓa ɗaya ta ƙi. Da talla ce kaɗai ke aiki da ba a ga wannan bambanci ba.

Game da giɓin kuɗi, ina tare da kai cewa bai ɓace ba. An zaftare kuɗin ƙananan hukumomi kamar yadda aka shirya, garuruwa da yawa suka koma neman ƙarin haraji, kuma ƙungiyoyi da dama suka amince da daskarar da albashi da ƙarin kason inshora. Abin da nake so a lura da shi shi ne cewa a teburi aka yi wannan rangwame, da yardar waɗanda abin ya shafa. Ma'aikaci yana iya haƙura da ragi idan an zauna da shi, abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne a ɗauke kujerarsa daga ɗakin. Kuma wannan ba shi ne karo na farko da jihar ta ba da irin wannan amsa ba, domin a 1958 an kawo wa masu zaɓe dokar hana wajabta kuɗin ƙungiya, suka yi watsi da ita da gagarumin rinjaye, guguwar ta tafi da Gwamna William O'Neill da Sanata John Bricker, dukansu 'yan Republican.

Ɗalibin Siyasa:
Amma Hajiya, a wannan karon guguwar ba ta tafi da kowa ba, kuma a nan ne taswirar ta yaudari masu sharhi da yawa. Kasich ya fito a daren ya amince da hukuncin jama'a, bai sake ɗauko dokar ba, kuma a 2014 ya sake cin zaɓe da kusan kashi 64, ya kwashe gundumomi 86 cikin 88. A 2016 Donald Trump ya ci jihar da tazarar kusan maki takwas, ya karɓe gundumar Trumbull da ke kusa da Youngstown, ya mamaye kusan duk yankin Appalachia da kika yi bayani, a 2020 kuma ya haɗa da Mahoning ta Youngstown. Haka aka gani a Missouri a watan Agusta na 2018, inda kusan kashi 67 suka ƙi dokar da ƙungiyoyi ke adawa da ita, har a karkara, sannan bayan wata uku suka zaɓi Josh Hawley na Republican zuwa majalisar dattawa.

Baban Yusra:
Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai a duk lamarin, kuma ina ƙara masa wani ɓangare da ake gani daga nan inda nake. Yayin da garuruwan kwal da ƙarfe suke ƙaura zuwa Republican, Delaware, wadda ta tsaya wa Kasich a 2011, ita ce take matsowa kusa da Democrat, tazarar da ke tsakanin jam'iyyun biyu a can ta ragu ƙwarai a zaɓukan shugaban ƙasa na baya-bayan nan. Wato wuraren da suka fi kare ƙungiya sun bar jam'iyyar da ƙungiyoyi ke mara wa baya, wurin da ya ƙi ƙungiya kuma yana kusantarta. Sanata Sherrod Brown, wanda ya gina siyasarsa a kan ma'aikata, ya riƙe wasu daga cikin waɗannan mutane a 2012 da 2018, amma a 2024 shi ma ya faɗi.

Ni dai fahimtata ita ce, idan aka ware tambayar ƙwadago ita kaɗai a takarda, mutum yana amsa ta ne da sunayen mutanen da ya sani, idan kuma aka cusa ta cikin jakar jam'iyya tare da batun bindiga da addini da shige da fice, sai ta koma ɗaya daga cikin abubuwa goma, ba kasafai take zama ta farko ba.

Maman Sadiq:
Na yarda da kai, Malam, ko da yake abin yana min ciwo. Sai dai ina son a rubuta wannan ma a cikin zaren: tun daga 2011 jam'iyyar Republican ce ke riƙe da kujerar gwamna da majalisun jihar biyu ba tare da yankewa ba, amma ba ta sake kawo doka mai faɗin SB 5 ba, ba ta kuma bi sahun Indiana da Michigan da Wisconsin da West Virginia da Kentucky wajen zartar da dokar hana wajabta kuɗin ƙungiya ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar Scioto da Trumbull a yau sun san yadda gundumominsu suka kaɗa ƙuri'a a wancan Nuwamba.

Alhaji Baban Hanifa:
Na gode maku duka, na ƙaru sosai, ko da yake ban sauka daga ra'ayina ba cewa mai biyan haraji ma yana buƙatar kujera a wannan teburi. Malam, idan ka samu dama, ka nemo mana yadda ƙuri'ar ta kasance unguwa-unguwa a cikin gundumar Franklin, inda Columbus take, domin ina son ganin ko unguwannin masu hali da ke iyaka da Delaware sun bi makwabtansu na arewa ko sun bi cikin garin Columbus.